Dafin Lamba Tara

Karo na arba'in ke nan Dakta tana sa a tatsi Lamba Tara, kuma ɓeran gwaji yana nan yana lasar ƙafarsa mai ciwo kamar ruwa aka tsira masa.

Lamba Tara dodon koɗin teku ne, bai fi babban yatsa ba. Ɗigo ɗaya na dafin irinsu guba ce kala ɗaruruwa, wata ta sandarar da kifi, wata ta sa shi barci. Bara Dakta ta tsinci wadda ke kashe zogi a cikin dafinsa. Ta buga takarda, sunanta ya zaga. Daga nan gubar ta ce ɗauke ni inda kika ajiye. Kwamitin jami'a ya ba ta zuwa Alhamis: ko ta sake fito da ita, ko a rubuta cewa ƙarya ta shirya.

Kawunta ne mai tatsar dafin, ƙanen mahaifiyarta, shekara sha huɗu yana kula da tankunan. Lokacin rubuta takardar ya tambaya ko sunansa zai shiga. Ta yi dariya a gaban ɗalibai.

"Haba Kawu, ai sai mu sa har na kifin."

Shi ma ya yi dariya.

Bai taɓa sanyi da aiki ba. Yakan rufe bakin 'yar kwalba da wutsiyar kifi, ya kaɗa ta a gaban dodon har yunwa ta sa ya harba dafi a ciki. Hannu kamar na ungozoma. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya yi faɗa.

"A hankali! Kar ku firgita min shi."

Dakta ta sauya ruwa, ta sauya kifi, ta kori ɗalibai biyu bisa zargi. Shiru.

Ranar Alhamis kwamiti bai yi minti ashirin ba. Aka janye takardar, aka karɓi makullin ɗakin bincikenta aka miƙa wa Farfesa, shugaban sashensu. Kawu ne ya ɗaukar mata kwali har mota.

"Haƙuri, 'yata. Wani hanin ga Allah baiwa ne."

Nan ta fashe da kuka, ta roƙe shi gafara. Ya ce babu komai, ya koma ciki.

Har ta tayar da mota ta tuna tabarau ɗinta na kan tebur. A bakin ɗakin tankuna ta tsaya cak. Kawu na riƙe da Lamba Tara da hantsaki, yana matsa shi ba tausayi, Farfesa na tara kwalba.

"Dafi biyu gare shi, ranka ya daɗe, na yunwa da na tsoro," in ji Kawu. "Na bara na tsoro ne, sai an matse shi yake fitarwa. Ni na tatso shi da hannuna, ina zan manta?"