Kunnen Dama

"Kada wanda ya yi ko tari," in ji uban, kafin likita ya kunna 'yar na'urar da aka haɗa da jijiyar jin 'yarsa.

Shekara uku yana jira. Duk Gwallaga an san ya rantse kiran sallah za ta fara ji a duniya, tunda na ranar haihuwa bai shige ta ba.

Ya durƙusa ya raɗa mata a kunnen dama, yadda ake yi wa jariri. Ko gezau. Ya maimaita har gumi ya karyo masa.

Matarsa ta gaji, ta ja dogon tsaki. Yarinyar ta waiwayo firgigit.

"Malam," in ji matar, "a hagu fa aka dasa."