Gilashin Damagaram

"Baba, danna mana!" in ji 'yarsa, tana rungume da jaririya a wurin taron suna a titin Gate City Boulevard, can Amurka.

Tsohon mai hoton ya sha kushe kyamarar da ta saya masa: ba madubi a cikinta, ramin leƙenta ma talabijin ne, ba ido ba. Sai da 'yar ta sa zoben haɗi ta ɗaura mata gilashin tsohuwar kyamararsa ta Damagaram ya yarda ya leƙa.

A cikin ramin leƙen haske ya ƙaru, fuskar 'yarsa ta fito fes. Shekara uku yana ɓoye wa iyalinsa cewa idonsa ya dushe, da murya kawai yake gane mutane.

"Baba?"

"Dakata, 'yar nan," ya ce a hankali. "Yaushe kika yi furfura?"