Tocilar Hawan Dutse

Kai, ku yaran nan bakinku ba ya hutawa! Ina ruwanku da abin da ke kai Anti Zuwaira dutse duk Asabar, tana tafe a bayan kawunku Modu kamar 'yar sanda? An aike ku ne? To ku matso, sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya yi dariya da ƙarfi ya sha ranƙwashi.

Bara likita ya auna Modu, ya ce jini ya hau, sukari ma ya fara leƙowa. Zuwaira na dawowa gida ta kife turmi. Ba sakwara, ba man ja, sai wake da zogale. Mutumin da ke saro doyar Assakio mota-mota, ga shi an hana shi loma ɗaya a gidansa. Ya yi fushi, ya yi magiya, har ƙara ya kawo mini. Na ce kunnena ya toshe.

Daga baya suka shirya. Akwai wasu ma'aikata da ke fita hawan duwatsun Eggon duk Asabar. Tun kafin asuba suke tashi, su yi salla a gindin dutse, don kada rana ta same su a sama. Zuwaira ta ce duk ranar da ya bi su, ranar za ta ɗaga turmi.

"Cikin wannan duhun?" in ji Modu. "Macizai fa, Maman Ilham? Takaba kike son shiga?"

Ta yafa gyale, ta tari keke daga Bukan Sidi har kasuwa, wajen Iortyer mai kayan wuta. Ita ba tocila kaɗai ta je saye ba, bakin miji ta je toshewa.

Iortyer ya miƙo wata ƙatuwa irin ta masu gadi. Ta ce a'a, zai ce ta yi nauyi. Ya kawo mai caji. Ta ce zai ce ba a kawo wuta ba. Ya kawo mai rediyo a jiki. Ta ce wannan ai zama zai yi a gindin dutse yana jin labarai. Sai Iortyer ya ciro wata 'yar mitsitsiya daga cikin na gwaji da ya rataya, jikinta ƙarfe, ba ta wuce ɗan yatsa ba. Ya danna, haske ya kashe mata ido da rana tsaka. Ya tsoma ta a kofin ruwa ya ciro, tana ci. Batirinta kamar maɓallin riga.

"Ita nake so," in ji ta. "Amma sabuwa, ba wadda kowa ya jagwalgwala ba."

Ya ba ta sabuwa dal, har da ɗan farin roba yana leƙe a gindinta. Ta maƙala ta a makullan shagon Modu, don su ne abin da ba ya fita ba tare da su ba. Shagon nan kun san shi, mai katifa a bayan buhuna.

Asabar ta zo, Modu ya fita da duhu. Da hantsi ya dawo idanu a kumbure, ya ce iskar dutse ce. Zuwaira ta daka sakwara da miyar agushi, ya ci har yana gumi.

Tun daga nan kowace Asabar da labarinta. Yau tocila ta hasko masa kububuwa a tsakiyar hanya. Wani satin wani Alexander ya zame, da haskenta aka gano shi a cikin rami. Ruwan sama ya dake su, tocilar kowa ta mutu ban da tasa. "Kin iya zaɓe, Maman Ilham," yake cewa, yana miƙa kwano a ƙara. Tumbi dai bai sauka ba, amma ya ce tsoka ce ke taruwa. Zuwaira ba gidan bikin da ba ta ba da labarin mijinta mai hawan dutse ba.

Wata Juma'a da la'asar ɗan kunnenta ya gangara ƙarƙashin gado. Modu na wanka, makullansa na kan tebur. Ta ɗauka, ta durƙusa, ta danna tocila. Shiru. Ta sake dannawa, ta buga ta a tafin hannu. Ko ƙyalli.

Gobe Asabar. Ta hango bawan Allah a saman dutse cikin duhu, ga kububuwa, ga rami, kuma ita ta tura shi saboda lafiyarsa. Ta zare tocilar, ta fita ko ɗayan ɗan kunnen da ya rage ba ta cire ba.

Tun daga bakin layi 'yan kasuwa suka ji muryarta. "Iortyer! Kashe mini miji za ka yi? Ka ce ƙarfe ce, ka ce tana daɗewa, ga ta ko damina ɗaya ba ta ƙare ba ta mutu!"

Mutane suka taru. Iortyer ya karɓa, ya juya ta, ya dubi gindinta. Ya kama ɗan farin roban nan da farce ya zare, ya danna. Haske ya fito fau, kamar ranar gwaji.

Shi ke nan. Oya, kowa ya tashi ya kwanta, ku naɗe mini tabarma. Me kuma? Abin da Iortyer ya ce? Kai, kun fi kawunku naci. Cewa ya yi:

"Hajiya, wannan roba shi ke tare batir daga kamfani, sai an cire yake kamawa. Tocilan nan, tun da aka yi shi, yau ne ya fara kawo wuta."