Sukuru Huɗu a Aljihu

Muna ɗauke da gawar maigidana, tsohon kafintan da ya koya mini sana'a, na sa hannu a aljihu na ji sukuru huɗu.

Ni na haɗa wa masallacinmu na Abakpa makarar nan makon jiya, da sabon injina mai huda katako a karkace, sukuru ya shige ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ina kan mariƙi na ƙarshe aka kira la'asar, na zuba sukurun a aljihun rigar nan, na manta. Mariƙin ne a kafaɗata yanzu.

Maigidana ya sha faɗa mini, "Injin nan naka yana ɓoye aiki, zai ɓoye sakaci ma."

Makarar ta yi ƙara. Na damƙe mahaɗar mariƙin da hannu biyu, gumi na bin bayana.

"Malam, kawo in karɓe ka," in ji wani maƙwabcinmu.

"Bar ni."

Sau biyar ana nema ina hanawa, ina ta hango likkafani a kan kwalta a zuciyata, har muka isa maƙabarta.

Da aka rufe shi na kifa makarar. Ramukan huɗu duk a cike suke, kowanne da ƙusar icce da aka fiƙe da wuƙa aka buga daram. Mutum ɗaya na sani mai irin wannan fiƙa, kuma yanzu muka gama zuba masa ƙasa.