Madara Ta Zo Makka

Ranar da takardun tafiyar Kabira suka fito, abin da ta fara tambayar mijinta a waya shi ne ko jirgi na ɗaukar kyanwa. Ja'afaru ya yi dariya, ya ce zai bincika. Shekara uku yana Makka yana aikin gyaran lif a otal-otal na unguwar Jarwal, ita kuma tana Jos, daga ita sai farar kyanwarta Madara. Tare suke cin abinci, tare suke jiran wayarsa. Ta ce ba za ta bar ta ba.

Wata biyu tana zirga-zirga. An yi wa Madara allurar rigakafi, an saka mata ɗan ƙaramin abin shaida a ƙarƙashin fata, an karɓo takardar lafiya da izinin shiga ƙasa. 'Yan uwa suna tsokanarta cewa kyanwa za ta riga su ganin Ka'aba. Da suka sauka a Jidda aka miƙo mata kwandon, Madara ta leƙo ta yi kuka ɗaya, ga Ja'afaru tsaye yana jira, Kabira ta rasa wanda za ta fara runguma.

Gidansu na hawa na uku ne a unguwar Aziziyya. Ƙofar da ke kallon tasu ta wata dattijuwa ce da kowa ke kira Khala Jawahir. A Makka aka haife ta, kakanta Bakatsine ne da ya zo aikin Hajji a ƙafa ta Sudan, ya zauna. Hausarta gauraye take da Larabci, kyanwa ma bissa take ce mata. Tun ranar farko ta shigo da shayi da dabino, ta ɗauki Madara ta ɗora a cinya. Da za ta tafi ta ja kunnen Kabira: kada ta kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in za ta fita, kuma kada bissa ta taka baranda da rana.

Kabira ta ce to, amma a ranta gani ta yi tsohuwar ta cika tsoro. Ai dabba ce, a gida ma kyanwoyi a waje suke wuni.

Wata Talata cikin watan Agusta ta shirya tafiya Harami ita kaɗai. Madara ta fara yagar sababbin kujeru, don haka Kabira ta fitar da ita baranda, ta ajiye mata ruwa a ƙaramin kwano, ta rufe ƙofar gilashin. Ƙarfe goma ne, akwai inuwa a wurin. Ta yi ɗawafi, ta yi Azahar, daɗin wurin ya riƙe ta har La'asar, wayarta na cikin jaka a kashe sauti.

Kafin Azahar inuwar ta gushe. Khala Jawahir ta jiyo kukan kyanwa ta tagar kicin, ta ƙwanƙwasa ƙofa ba kowa, ta kira Kabira ba a ɗauka ba. Da kukan ya tsaya sai ta kira Ja'afaru, ta ce ya bar duk abin da yake yi ya kawo makulli.

Sun tarar da Madara kwance a gefe, harshe waje, tana haki, tafin ƙafafunta sun ƙone a kan tayil. Kwanon ruwan ya kife. Ja'afaru ya nufi firiji zai ɗebo ƙanƙara, Khala ta hana shi. Ta jiƙa tawul da ruwa mai ɗan sanyi ta riƙa shafa mata a hankali, a haka suka shiga mota zuwa asibitin dabbobi.

Kabira ta fito daga Harami zuciyarta fes, ta duba waya ta ga kira goma sha ɗaya. A asibitin likita ya gaya musu zafin ya taɓa ƙodar kyanwar. Ya ce ko ta tashi, sai dai ta rayu a kan abinci na musamman har ƙarshen ranta, kuma ba zai iya cewa za ta tashi ba.

Kabira ta zauna a ƙasa. “Khala, kin faɗa mini,” in ji ta. “Na tafi neman lada, na bar ta tana ƙonewa.”

“Ya binti, 'yata, tashi ki zauna a kujera,” in ji Khala. “Kin zo daga garin sanyi, ba ki san ranar nan ba. Yanzu kin sani.”

Kwana huɗu Madara ta yi ana ƙara mata ruwa. A rana ta biyar ta ɗaga kai ta lashi yatsan Kabira, a ta shida aka sallame ta. Ta shigo gida da bandeji a ƙafafu huɗu, tana ɗaga kowace sama kamar mai tafiya cikin taɓo, ta wuce kai tsaye ta haye kujerar da ta fi kowace tsada. Ja'afaru ya yi dariya har da hawaye. Kabira ta dafa gwaten acca irin na Jos ta kira Khala, wadda ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Ta ci kwano biyu, ta ce sai an koya mata.

Tun daga nan Kabira take tambayar komai: lokacin fita kasuwa, tsawon lokacin da ruwan famfo ke ɗauka kafin ya huce, abin da bai kamata a bari a mota ba. Makullin gidan guda ɗaya yana wurin Khala. Yau Madara ta yi ƙiba, kuma rabin wuninta a gidan Khala take yi.

Mai karatu, dabbar da ka ɗauko daga ƙasarta amana ce a wuyanka, ba ta da bakin da za ta ce maka tana ƙonewa. In ka sauka a sabon gari, ka saurari waɗanda suka riga ka zama a cikinsa, kada ka auna ranarsu da ta garinku.