Jaririn da Ya Yi Sammako

Ranar Litinin ta farko a watan Disamba, da ƙarfe goma na safe, Yemima ta sauko da kwalin kayan Kirsimeti daga saman kabad a gidan Misis Holloway da ke unguwar Irving Park. Bai fi wata biyu ba da ta fara aikin kula da tsohuwar, kuma ranar ce aka fara damƙa mata kaya masu saurin fashewa.

Cikin kwalin akwai 'yan mutum-mutumin tangaran na labarin haihuwar Yesu, kowanne a naɗe cikin tsohuwar jarida. Gadon mahaifiyar tsohuwar ne. Yemima ta warware su, ta jera a kan tebur: Maryamu, Yusufu, makiyaya, raƙumi mai guntulen kunne, da komin dabbobi cike da busasshiyar ciyawa. Ta tattara jaridun ta kai shara. Motar shara ta zo ta kwashe.

Sai da rana ta lura komin babu kowa a ciki.

Ta zazzage kwalin, ta leƙa ƙarƙashin kujeru, ta laluba har aljihun rigarta. A cocinsu na Kagoro ba a jera irin waɗannan abubuwa, amma kowa ya san labarin ba ya yiwuwa babu jariri. Lallai yana cikin jaridun nan.

'Yar tsohuwar za ta zo daga garin Charlotte ranar jajiberin Kirsimeti. Tun ranar farko ta gaya wa Yemima cewa ko cokali ya ɓace a gidan, kamfanin da ya turo ta za ta kira.

Tsohuwar ta zo wucewa da sandarta. Ta dubi komin, ta dubi Yemima, ta yi murmushi ta wuce. Yemima ta gode wa Allah da ya rage wa tsofaffi gani. Ta manta cewa da safen nan matar ta hango ƙwayar magani a kan kafet tun daga bakin ƙofa.

Asabar biyu Yemima ta yi tana zagaya kasuwannin gwanjo. Ta tona kwalaye cike da tsofaffin fitilu masu launi, ƙwallayen gilashi, taurarin kwano da suka yi tsatsa, ragowar zare da ƙyalli. Ta sami jariri ɗaya na roba da ya fi Yusufu girma. Ta sami wani na katako mai fuskar dattijo. Ta dawo gida da safa mai ado da buroshin fenti, babu jariri.

A ƙarshe ta kai kukanta wurin Aïchatou, 'yar Maraɗi, wadda ta yi aiki a gidan tsohuwar a bara, yanzu kuma tana wani shagon kayan miya a titin Gate City Boulevard.

"Je ki babbar kasuwar gwanjo, layin ƙarshe, kusa da mai tsofaffin agogo," in ji Aïchatou, ba ta ko ɗago kai daga buhun gero ba. "Nemi Seth. In kin ga jaririn ya cika fari, tsoma shi cikin ruwan shayi, zai tsufa."

"Ke a ina kika san duk wannan?"

"Madam, jariri kike nema ko tarihina?"

Seth dattijo ne mai gemu har ƙirji, rumfarsa kuwa kamar an juye Kirsimeti hamsin a wuri ɗaya. Yemima ta fara bayani da hannu da baki. Bai tambaye ta girma ba, bai tambayi launi ba. Ya sunkuya ya jawo kwalin takalmi, ya zaɓo ɗaya ya ɗora mata a tafin hannu.

Na tangaran ne, hannu biyu a buɗe, daidai komin. Sai dai fari fat.

Jaririn ya wuni cikin kofin shayi a kicin ɗinta. Mijinta Malachy ya shigo ya kai hannu, ta doke hannun.

"Mutum ba zai sha shayi a gidansa ba?"

"Akwai mai shi a ciki."

Ya leƙa, ya ja da baya.

Ranar Litinin, tsohuwar tana wanka, Yemima ta kwantar da shi cikin ciyawar, ta ja 'yan sili biyu ta rufe masa ƙafa. Ya zauna cikin sauran kamar tare aka gasa su.

Da tsohuwar ta fito, ta tsaya gaban teburin ta daɗe. Yemima tana goge kofin da ta riga ta goge.

"Bana ma ya yi sammako," in ji tsohuwar.

Yemima ta yi dariyar da ake yi wa maganar tsofaffi, ta kawo mata magani. Da yamma ta tafi gida tana rera waƙa a mota.

A gidan su Holloway, tun zamanin kaka, jaririn ba ya kwana cikin kwali tare da sauran. Uwar gida ke ajiye shi, komin kuma a bar shi fayau har jajiberi, sannan a kwantar da shi.

Tsohuwar ta jira ƙarar motar ta yi nisa. Ta ɗauki jaririn Yemima, ta dogara sanda zuwa ɗakinta, ta jawo aljihun teburin gado inda na mahaifiyarta yake naɗe cikin hankici. Ta kwantar da sabon kusa da wasu uku da masu aikin baya suka sayo, ɗayansu har yanzu da tabon shayi a bayan kunne.