Jitar da Ta Daina Gurnani

Tun da ka ce ka gaji da tsofaffin kayan aikinka har kana jin kunyar a gan ka da su, bari in ba ka misali, in ya so sai ka yi yadda ka ga dama.

An yi wani makaɗin jita mai aiki da lantarki a Damagaram, ana ce masa Nomau. A ƙarƙashin tsirkiyoyin irin wannan jita akwai ɗan maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi. Shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya miƙa wa amfilifaya, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ya fita ta lasifika. Wata shekara gumi da tsatsa suka cinye wayar, jitar Nomau ta yi gum. Sabon naɗi kuwa babu shi a garin, sai ya kai wa Baba Cindo mai gyaran rediyo. Tsohon ya warware waya daga cikin wata matacciyar rediyo, ya ɗaura maganaɗisun a jikin keken ɗinkin maƙwabcinsa, tela na taka keke, shi yana riƙe da waya, suna ta hira har naɗi ya cika ya yi tozo. Da aka jona sai abin ya fi ƙarfin 'yar amfilifayar Nomau, wadda dama takardar lasifikarta ta tsage an liƙe da gam. Sauti ya fito da kauri da kaushi, yana gurnani kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya, kuma in an taɓa tsirkiya ɗaya sai ta yi ta jan kuka ba ta mutuwa da wuri. Nomau ya ɓata rai. Cindo ya ce, "Haka ta fito, ɗana. Lallaɓa da ita kafin Allah ya kawo sabo."

Lallaɓawar nan ta kai shekara goma sha bakwai. Babu bikin la'asar da ake yi a unguwannin nan ba a kira shi ba. Matan da ke cikin gida ba su san fuskarsa ba, amma da sun jiyo gurnanin daga bayan katanga sai su ajiye ludayi su ci ɗamara. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa jin daɗin muryar ba ko na rana ɗaya. A zatonsa yatsunsa ake so, ita jitar haƙuri kawai ake yi da ita saboda kara. Ya gaji da saɓar akwatin amfilifayar da aka ɗaure da robar taya, ya gaji da makaɗan birni masu kaya masu ƙyalli da ke tambayarsa ko jitar tasa mura take yi. Yakan yi dariya tare da su, ya koma gida abin na cin sa.

Daga baya wani surukinsa mai fatauci ya kawo masa sabon naɗi na kamfani da babbar amfilifaya. Ran da ya ɗaura su, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa, Nomau ya miƙa masa tsohon naɗin da tsohon akwatin, ko ciniki bai tsaya yi ba, shi dai su bar masa ɗaki. Ranar Asabar ya je biki, ya jona, ya kaɗa. Sauti ya fito tas, siriri, kamar an buga cokali a jikin kofin gilashi, kuma kafin ya ɗaga yatsa ya mutu. Ya murɗa ƙara. Babbar amfilifaya ba ta jin nauyi balle ta yi gurnani, sai ta fitar da siririn nan da ƙarfi kawai. Ya yi kiɗa uku, ba wanda ya motsa ƙafa. Can sai gwaggon amarya ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Amma mu Nomau muka kira, ko ba shi da lafiya ne?"

Washegari ya bi sawun mai ƙarafa, ya tarar an fasa akwatin, an zare tagullar an zuba a buhu da ta fankoki. Ya wuce wurin Baba Cindo, wanda yanzu ido ya tafi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, zagaye nawa ka yi wa wayar nan? Faɗa mini, in sa wani ya naɗa." Tsohon ya ce, "Ban ƙirga ba, ɗana. Hira muke yi da tela."

Ya kai jitar wurin masu gyara uku. Ɗaya ya naɗa ta fito a shaƙe, ɗaya ta yi ta ƙugi kamar ƙudan zuma, na ukun ya ce masa kayansa lafiya lau suke, me yake nema kuma. Har lasifikar sabuwar amfilifayar ya tsaga da hannunsa, sai ta yi ɓarɓar irin ta abin da ya lalace kawai. Yatsun nan dai su ne, ba su rage komai ba, amma kiran biki ya yi ta raguwa, don yanzu kiɗansa ya zama irin na kowa, kuma masu irin na kowa sun fi shi ƙuruciya. Mutumin da ya yi shekara goma sha bakwai yana roƙon Allah ya raba shi da wata murya, sai ga shi ya ƙare kwanansa yana neman ta a shagunan gyaran rediyo.

To, kafin ka kira mai ƙarafa, ka fara sanin wanne ne a cikin kayanka mutane suke zuwa dominsa. Hausawa sun riga sun faɗa: garin gyaran gira, an rasa ido.